Shin gansakukar ruwa tana maganin ciwon daji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta ilimin sinadaran jiki a nan Gombe. Likitoci sun tabbatar gwaggona tana da ciwon dajin mama, har an sa mata ranar fara kemo, wato jinya da magungunan kashe ƙwayoyin kansa. Sai wata maƙwabciya ta kawo mata wani koren gari, wai sifirulina, ta ce daga gansakuka ake yin sa kuma yana kashe cutar. Na duba a intanet, na ga lallai akwai bincike da ke cewa abin da aka tatso daga gansakukar ruwan daɗi ya kashe ƙwayoyin kansa. Yanzu kan gida ya rabu. Wasu na cewa a ɗaga kemo a gwada garin tukuna, yayana kuma cewa yake ga gansakuka nan kyauta a bakin dam ɗin Daɗin Kowa. Mene ne gaskiyar lamarin? Kuma ko zan iya yin aikin bincikena na ƙarshe a kai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba gwaggo lafiya, ya sa kaffara ne. Abu biyu ba sa jira, don haka da su zan fara. Kada a ɗaga kemo saboda wannan gari, ko da na mako guda ne. Kada kuma kowa ya ɗebo gansakukar dam ya ba ta, ko ɗanya ko dafaffiya. Binciken da kika karanta ba ƙarya ba ne, amma abin da ya nuna daban, abin da maƙwabciyarku ta fahimta daban.

Koren da kike gani a kan ruwa ba halitta ɗaya ba ce. Dubban ire-iren ƙananan halittu ne, yawancinsu ƙwaya ɗaya tal, sai an sa su ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji ake bambance wannan da waccan. Akwai Chlorella, ɗan kore mai siffar ƙwallo, wanda masanin ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya ware tun 1890. Akwai Scenedesmus da ba a rasa shi a kududdufai da tafkunan kifi. Akwai Haematococcus, wanda idan rana ta gasa shi kuma abinci ya yanke masa yakan rikiɗe ya koma ja, saboda wani sinadari da yake tarawa mai suna astazantin. Ita kuwa sifirulina, a rabe-raben masana dangin bakteriya ce mai launin shuɗi-kore, kuma a cikin wannan dangi ne ake samun Microcystis, mai dafin da ke lalata hanta. Riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

Sifirulina ba baƙuwa ba ce a yankinmu. Matan Kanembu da ke gabas da Tafkin Chadi sun daɗe suna kwasarta daga tafkuna masu kanwa, su zuba a kan rairayi ta bushe, su yayyanka ta su kai kasuwa. Dihe suke kiranta, a miya suke sa ta. Turawa ba su farga da darajarta sosai ba sai da wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ci karo da ita a kasuwannin Chadi a tsakiyar shekarun 1960. Da aka auna, sai aka ga kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na busasshiyarta furotin ne. Abinci ce mai gina jiki, ba mai musun wannan. Sai dai ki lura da inda take tsiro: ruwan kanwa mai ƙarfi, wanda yawancin sauran halittu ba sa iya zama a ciki. Kanwar ce ke tsare ta daga gauraya. Ruwan kogin Gongola da aka datse a Daɗin Kowa ba irin wannan ruwan ba ne, haka na Balanga, haka na Gubi a Bauci.

Batun antioksidan kuwa, wato sinadaran da ke kare jiki daga ɓarnar oksijin, waɗanda ake yabon gansakuka da su, ga yadda yake. Duk halittar da ke amfani da iskar oksijin tana fitar da wasu ɓurɓushin sinadarai masu zafin nama, waɗanda ke cin kitse da furotin da ƙwayoyin gado na jiki. Aikinsu ne kike gani idan man gyaɗa ya daɗe a buɗe ya canza wari. Gansakuka tana wuni cikin rana tana samar da oksijin da kanta, don haka ta fi kowa fuskantar wannan ɓarna, dole ta tanadi kariya. Shi ya sa take cike da bita-karotin, lutin, astazantin, bitamin E, da faikosayanin, wato shuɗin launin da ke cikin sifirulina. Don kanta ta tanade su, ba don mu ba.

A ɗakin gwaji, hanyar da aka fi bi ita ce ta DPPH, na san kun yi ta a aji. Ruwa ne mai launin shunayya, a ɗiga masa abin da aka tatso, idan ya koɗe ya koma rawaya sai a ce akwai antioksidan, a auna yawan koɗewar da na'ura. Gansakuka tana cin wannan jarrabawa da kyau. To amma zoɓo ma yana ci, zogale yana ci, ganyen shayi da gwaiba duk suna ci. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne an yi musayar sinadari a cikin kwalba. Bai faɗa miki ko abin zai tsira daga ruwan ciki ba, ko hanji zai tsotse shi, ko hanta za ta bar shi ya shiga jini, balle ya isa inda ƙari yake.

Akwai lokacin da manyan masana ma suka yi zaton lissafin a fili yake: tunda ɓarnar oksijin na cikin abubuwan da ke haddasa kansa, kuma masu yawan cin ganye da 'ya'yan itace ba su cika kamuwa da wasu ire-irenta ba, to a ba mutane antioksidan a ƙwaya, a huta. Aka gwada. A ƙasar Finlan aka ɗauki maza masu shan taba fiye da 29,000, aka riƙa ba wasunsu bita-karotin shekara da shekaru. Da sakamako ya fito a 1994, waɗanda suka sha sun fi kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka an yi makamancinsa da mutane fiye da 18,000, masu shan taba da waɗanda suka yi aiki da asbestos, ana ba su bita-karotin haɗe da bitamin A. Dole aka dakatar da shi a 1996 tun lokaci bai yi ba, domin kansar huhu ta ƙaru da kashi 28 cikin ɗari. Daga baya aka gwada bitamin E a kan maza kimanin 35,000, rahoton 2011 ya nuna kansar furostet, wato wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ta ƙaru da kashi 17 cikin ɗari. Bita-karotin ɗin nan shi ne dai wanda ake yabon gansakuka da shi. A cikin karas da alayyafo alheri ne, amma da aka ware shi aka ɗura wa wasu mutane da yawa, sai ya juya. Tun daga nan na daina ɗaukar kalmar antioksidan a jikin kwalba a matsayin shaidar komai.

Ga mai karɓar magani kuma akwai ƙarin damuwa. Gashin ƙari da na'ura da ake yi wa masu kansa, da wasu magungunan kemo, suna kashe ƙari ne ta hanyar haddasa masa irin wannan ɓarna ta oksijin da gangan. Idan aka cika jiki da abin da ke kashe kaifinta, ana iya kare ƙarin da ake son hallakawa. Shi ya sa likitocin kansa da yawa ke hana shan irin waɗannan ƙwayoyi da yawa a lokacin jinya.

Yanzu mu zo kan binciken da ya ɗaga muku hankali, wanda ya ce an kashe ƙwayoyin kansa. Yadda ake yi shi ne a busar da gansakuka, a jiƙa ta a metanol ko etanol ko ruwa, a tace, a ƙafar da ruwan, a samu ɗan abu mai danƙo. Sai a kawo ƙwayoyin kansa da ake renonsu a faranti. Akwai HeLa, waɗanda aka ciro daga bakin mahaifar wata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, a 1951, har yau suna ta hayayyafa a ɗakunan gwaji na duniya. Akwai MCF-7 na kansar mama, da HepG2 na hanta, da A549 na huhu. A zuba musu abin da aka tatso, a bar su kwana ɗaya zuwa uku, sannan a auna yawan waɗanda suka rayu da gwajin MTT, wani sinadari da ƙwayoyi masu rai ke canza wa launi. Adadin da ya kashe rabinsu shi ne IC50. Gwargwadon ƙanƙantar wannan lamba, gwargwadon ƙarfin abin. An sha ganin faikosayanin da wasu sinadaran Chlorella sun hana ƙwayoyin rabuwa, ko sun sa su kashe kansu, a faranti da kuma a jikin ɓeraye.

Idan kin koma kan waɗannan takardu, tsallake kanun ki je kan lambar. Ma'aunin da masu bincike suka saba dogara da shi, wanda ake jinginawa ga Cibiyar Binciken Kansa ta Amurka, shi ne ɗanyen abin da aka tatso sai IC50 ɗinsa ya gaza maikurogiram 20 zuwa 30 a kowace mililita kafin a ce ya cancanci a bi sawunsa. Takardu da yawa kan gansakuka lambarsu na cikin ɗaruruwa, duk da haka a rubuta cewa sakamako ya yi armashi. Mu yi lissafi da 500. Maikurogiram 500 a mililita daidai yake da rabin giram a lita. Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne, ke nan ana buƙatar giram 2.5 na tataccen abin yana yawo a jini kaɗai, ba a ma lissafa sauran ruwan jiki ba, kuma ya zauna a haka dare da rana kamar yadda ya zauna a faranti, alhali hanta da ƙoda suna ta kwashe shi. Faikosayanin kuma furotin ne, da zarar ya shiga ciki za a fara narkar da shi kamar sauran abinci. Cokalin gari a koko ba zai kai ko kusa ba.

Abu na biyu da za ki duba: sun gwada a kan lafiyayyun ƙwayoyi? Kashe ƙwayar kansa a faranti ba wuya, ruwan gishiri mai kauri ma zai kashe ta. Wuyar aikin ita ce a kashe ta a bar hanta da ɓargo da zuciya. Takardar da ba ta nuna wannan bambanci ba, dafi kawai ta auna.

A jikin mutane fa? Abin da aka fi ambata shi ne wani ƙaramin gwaji a Kerala ta Indiya da aka wallafa a 1995. Masu tauna taba ne da suka yi farin tabo a baki, irin wanda kan iya zama kansa nan gaba. An ba su giram ɗaya na sifirulina kullum tsawon shekara. Tabon ya ɓace a mutum 20 cikin 44, a ɓangaren da ba a ba su ba kuwa mutum 3 cikin 43. Sakamako ne mai daɗin ji. Amma cikin shekara guda da daina sha, ya dawo wa 9 daga cikin 20 ɗin nan, kuma tabo ne, bai riga ya zama kansa ba. Babu wata hukumar magunguna da ta amince da sifirulina ko Chlorella a matsayin maganin kansa.

Kada ki ɗauka ina raina fannin, domin akwai maganin gaske da ya fito daga wannan dangi. A 1987 George Pettit da abokan aikinsa a Arizona suka sanar da wani sinadari, dolastatin 10, da suka samo daga wata dabbar teku mai kama da katantanwa. Daga baya aka gano ba ita ke yin sa ba, daga shuɗiyar gansakukar tekun da take ci ta samo shi. Da aka gwada shi shi kaɗai a kan marasa lafiya bai yi abin kirki ba. Sai masana suka sauya masa fasali, suka ɗaure shi a jikin wani furotin da ke farautar ƙwayar kansa ya kai mata shi har gida. A 2011 Amurka ta amince da maganin, Adcetris, don kansar ƙululu da ake kira Hodgkin. Shekara 24 ke nan tsakani. Wani kuma, kiriftofaisin, daga Nostoc aka same shi, wadda danginta ke zaune a ruwan daɗi da ƙasa mai laima. A faranti ƙarfinsa ya ba kowa mamaki, ya kai har gwaji a kan mutane, amma ya taɓa jijiyoyi kuma amfaninsa bai kai yadda aka zata ba, aka ajiye shi. Haka abin yake, fiye da 9 cikin 10 na magungunan kansa da suka kai matakin gwaji a kan mutane ba sa kaiwa kasuwa.

Ga 'yan gidanku da ke ganin kemo na Bature ne, gari kuma na Allah, ki faɗa musu cewa binkiristin da ake yi wa yara masu kansa daga wani fure aka samo shi, ɗan asalin Madagaska, wanda ake shukawa don ado a gidaje da ofisoshi a nan garuruwanmu. Fakilitaksel kuma, da ake yawan ba masu ciwon dajin mama, daga ɓawon wata bishiya ta Amurka ya fito. An ɗebo ɓawon a 1962, ba a amince da maganin ba sai 1992. Mai yiwuwa ma yana cikin abin da za a ɗaura wa gwaggo. Bambancinsa da garin maƙwabciya shi ne an san abin da ke ciki, an san adadin da ke aiki, an san wanda ke kisa.

Sai maganar yayanki, wadda ta fi tayar mini da hankali. Duk ruwan da ya kwanta, zafi ya buge shi, takin zamani da kashin dabbobi suka gangaro masa, Microcystis na iya mamaye shi, ya yi kore shar kamar an zuba fenti. Dafinta, maikurosistin, hanta yake nufa kai tsaye, kuma tafasawa ba ta kashe shi. A 1996 a garin Caruaru na Brazil, an yi wa marasa lafiya wankin ƙoda da ruwan wani dam da ba a tace shi yadda ya kamata ba, fiye da mutum 50 suka rasu. A 2014 birnin Toledo na Amurka ya hana mazauna kusan rabin miliyan shan ruwan famfo na kwanaki saboda wannan dafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a maikurogiram 1 kacal a litar ruwan sha, kuma hukumar binciken kansa da ke ƙarƙashinta ta sa shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo kansa. Ido ba ya bambance mai dafi da marar dafi. Ƙari a kan haka, gansakuka gwana ce wajen zuƙe dalma da sauran ƙarafa daga ruwa, har ana amfani da ita wajen tsabtace ruwan masana'antu. Hantar da za ta yi fama da kemo ita ce ake shirin ɗora wa wannan. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, ga kuma gubar fumfunar gyaɗa da masara, hanta ba ta buƙatar ƙarin kaya.

Garin kanti ya fi na dam aminci, amma ya danganta da inda aka noma shi, an kuma sha samun maikurosistin da ƙarafa a wasu kayan gansakuka da ake sayarwa a ƙasashen waje. Wanda aka ƙulla a leda ba suna ba lamba, a zubar. Mai lambar NAFDAC kuma, lambar ba shaidar warkar da kansa ba ce, karanta jikin kwalbar da kyau. Chlorella tana da bitamin K da yawa, yana iya rage ƙarfin wafarin, maganin tsinka jini da ake ba wasu marasa lafiya. Don haka ki ɗauki garin yadda yake ki kai wa likitan gwaggo a ranar asibiti, ki faɗa masa duk abin da take sha, har da jiƙe-jiƙe da na Islamik kemis. Kada ki ɓoye don gudun faɗa. Idan furotin ake nema mata, ƙwai da wake da kifi da kindirmo sun fi araha, kuɗin garin kuma ya fi amfani a kuɗin mota da gwajin jini, domin abin da ke yawan karya jinyar kansa a wajenmu shi ne zuwa a makare da yankewa a tsakiya. Ciwon dajin mama yana cikin waɗanda ake cin galabarsu idan an tare su da wuri, kuma ba ya tsayawa jiran a gama gwada gari.

Aikin bincike kuwa, bismilla, fage ne mai faɗi kuma ruwayenmu ba a yi musu aikin da ya kamata ba. Amma kada ki kwaso kore a bokiti ki busar ki kira shi gansakuka, domin abin da kika kwaso haɗin gambiza ne na halittu da laka da bakteriya, ba wanda zai iya maimaita aikinki, har ke kanki. Sa safar hannu, rubuta wuri da wata, ki nemi malamin sashen tsirrai ya taya ki tantance irin, ki ware guda ɗaya ki rene shi a ruwan reno irin su BG-11. Idan kin zo DPPH, ki haɗa da bitamin C don kwatance, ki kuma auna launin abin da kika tatso shi kaɗai ki cire daga lissafi, domin kore da shuɗi suna ruɗar na'ura. Haka MTT, wasu antioksidan kan canza launinsa ko babu ƙwaya mai rai a wurin. Idan babu ƙwayoyin kansa a makarantarku kika koma ga gwajin 'ya'yan jatan lande da ɗalibai suka saba yi, ki rubuta cewa dafi kika auna, kada ki sa maganin kansa a kanun aikinki ko da wani ya ce zai fi jan ido.

Da ni ne mai duba aikinki, da sai in karkatar da ke ga wata tambayar: waɗanne irin gansakuka ne ke cikin ruwan Daɗin Kowa da Balanga da kududdufan da ake shayar da shanu, daga Maris zuwa Mayu lokacin da ruwa ya ja baya zafi ya tsananta, kuma akwai Microcystis a cikinsu? Madubi da kwalabe da haƙuri sun isa a fara, kayan gwajin maikurosistin kuma ana iya nemowa ta hannun sashe idan kuɗi ya samu. Ki ɗebi ruwa daga wurare iri ɗaya a rani da damina don ki samu abin kwatantawa, ki kuma fara neman izinin hukumar da ke kula da dam ɗin tun kafin zangon karatu ya yi nisa.